Labbo Ya Saci Labbo

Ran Laraba na ɗauki bidiyon kakana Labbo
a zauren gidanmu, Runjin Sambo,
ya jingina da buhun albasa,
kukuma a cinya, ido a rufe,
jar akuya na leƙowa daga ƙofa.
Minti shida. Tari biyu a tsakiya.
Na ɗora shi da datar ɗari biyu
da na ci bashi wurin Buhari mai cajin waya.

Mutum dubu arba'in suka kalla kafin azumi.
Kafin kakana ya ja bakansa
sai an tallata sabulun wanki
da wata motar da ba ta taɓa bin lungunmu ba.
Aka ce kowane ido da kwabonsa,
in yi haƙuri, wata zai ƙare.

Abin da ya zo saƙo ne, tsakar dare:
wai sautin nan yana da mai shi.
Wani kamfani, can bayan teku,
ya yanki daƙiƙa tara na kiɗin,
ya jera masa gangar inji, ya yi rajista.
Na'ura ta kasa kunne, ta gane tsirkiya,
ta yanke hukunci ba zaman kotu:
Labbo ya saci Labbo.

Na nemo tasu waƙar, na saurara.
Har tarin yana ciki.
Sun maimaita shi sau huɗu, ya zama ado.

Suka ce in kawo shaidar mallaka.
Me zan cike a gurbin?
Cewa izgar daga Achida aka kawo ta?
Cewa fatar guza ce, shi ya jeme da hannunsa?
Cewa kawunsa na Kware ya koya masa,
shi kuma kawun ba ya da lambar waya
inda yake kwance yanzu?

Da safe na faɗa masa, yana shan kunu.
Ya ce, "Mi sunka ce?" Na sake faɗi.
Ya yi dariya har tarin ya taso.
"Da can in na yi wasa gidan buki,
wanda yaj ji daɗi goshina yaka manna wa.
Wanga inji naku,
goshin wa yaka nema?"

Ban da amsa. Buhari na jiran kuɗinsa.

Ya ɗauko kukuma, ya shafa ƙaro,
ya ja wani take da ban taɓa ji ba,
na zaro waya,
ya buɗe ido ɗaya:
"Maida ta aljihu.
Wagga ta akuya ce, da kai."