Garken Saruul

A gefen birnin Ulanbator, cikin tantin gashi,
murhu na cin gawayi, ƙanƙara ta toshe bakin ƙofa.
Saruul, 'yar shekara huɗu,
ta zazzage ƙasusuwan idon sawun tumaki kan darduma.

Wannan doki ne, in ji ta. Wannan raƙumi.
Waccan akuya ce marar jin magana,
sai an ɗaure ta da zaren safa.

Kakanta Gombo na kurɓar shayi mai gishiri.
Shekara uku ke nan da sanyi ya cinye masa garke,
ɗari biyu da sha ɗaya, cikin wata guda.
Bai sake ambaton lissafin ba.

"Kaka, guguwa ta taso!"
Ta kife hularsa kan dabbobin,
ta hura iska da baki, fuu, fuu,
ta leƙa, ta ƙirga: ɗaya, biyu, biyar, tara.
"Babu wanda ya mutu."

Tsoho ya ajiye kofi.
Gwiwarsa ta yi ƙara da ya durƙusa.
"Na taya raƙumin nan, alewa biyu."

Ta kalle shi sama da ƙasa.
"Albarka. Sai dai in ba ka kiwo."