Tunkiyar Bara

Shekara huɗu ni ke tsara wasan Kirsimeti
a majami'armu ta Kaltungo,
shekara huɗu Afiniki tunkiya ce.
Na ce ai tunkiya ba ta da jawabi,
a yafa mata farin buhun taki,
ta durƙusa gefen komi, an sallame ta.
Ban taɓa tambayarta ba.
Da wane baki?

Bana yayanta Habila ya tare ni a gindin darbejiya.
Ya ce, Malam, ta ce in tambaye ka:
jaririn da take durƙusa wa ɗin nan,
ɗan wane ne?

Na rasa ta cewa.
Ashe shekara huɗu tana kallon leɓɓa
suna motsi kamar bakin tarwaɗa a ruwa,
mu kuwa muna tafi, wai mun ba da labari.

Sai muka koma 'yan aji ɗaya.
Kowace Laraba bayan sallamar zumuntar mata,
Afiniki a kan benci, mu a ƙasa.
Ga tauraro, yatsu na ƙyaftawa sama.
Ga jariri, a rungume a jijjiga.
Dattijo Filibus, mai hannun garma,
ya so ya ce makiyayi,
ta yi dariya har da riƙe ciki,
wai ya ce akuya.
Ya ce to, Zakariya ma da hannu ya yi bayani
ran da harshensa ya ɗaure,
bare ni.

Daren wasa majami'a ta cika har tagogi.
Kurame bakwai a bencin gaba,
biyu daga Billiri suka zo a kan babur ɗaya.
Afiniki ta fito mala'ika,
fukafukan kwali, zanen gadon uwarta.
Ta ɗaga hannu za ta yi albishir,
janareta ya yi tari biyu, ya mutu.

Mu masu kunne duhu bai hana mu komai ba,
muna iya ci gaba.
Amma na ga abin da ban taɓa gani ba:
duhu shi ne toshe bakinta.

Wata tsohuwa ta kunna tocilar wayarta.
Sai na kusa da ita. Sai 'yan kwaya.
Haske ya taru wuri ɗaya,
ba a fuska ba, a kan yatsu goma.
Ta faɗi saƙon, a hankali,
babu ganga, babu lasifika,
har kukan gyare muna ji a waje.

Bencin gaba suka ɗaga hannuwa suna kaɗawa,
tafinsu ke nan.
Muka bi su, da kuskurenmu.

Buhun takin yana nan a ɗakin ajiya.
Baɗi ni zan yafa shi.
Ta ce tunkiya ma tana da jawabi,
za ta koya mini.