Minti Arba'in, Ranar Talata

Hukumar gari ta ba ni rabin fili a Pueblo,
bayan firamare, daf da layin dogo,
daga biyar da minti ashirin zuwa shida.
Shida na cika, samari masu hular kwano
za su shigo da takalmansu masu haƙora,
mu kuwa mu tattara komatsanmu.

Minti arba'in, in ji takarda.
Takarda ba ta san Wendell ba,
wanda sai ya ɗaure igiyar takalmi sau uku.
Ba ta san motar uwar Odalys
tana tari a hanya tana tsayawa ba.
Ba ta san ɗamara goma sha ɗaya
sun cukurkuɗe a jaka tun Asabar ba,
ƙyallaye ja da rawaya sun rungumi juna sun ƙi saki.
Kafin in warware su minti bakwai sun tafi,
ko sallama babu.

Da littafi na zo ranar farko.
Dare uku na yi ina zane
bayan na tashi daga ɗakin wankin asibiti,
yatsuna na warin sabulu:
kibiyoyi, da'irori, dabaru goma sha shida.
Tobias ya leƙa shafin ya ce,
"Koci, gizo-gizo ne wannan?"
Tun ranar littafin aikinsa ɗaya,
danne takardar sunaye kada iska ta kwashe.

Taura biyu ba sa taunuwa a baki ɗaya,
balle bakin ɗan shekara takwas.
Sai na rage kayan.
Miƙa ƙwallo a ciki, ba a ƙirji ba.
Buɗe tafi kamar za a zuba maka gyaɗa.
In mutum ya taho da gudu, kada ka kalli idonsa,
ido maƙaryaci ne, kafaɗa ma haka.
Kalli ƙugu. Inda ƙugu ya nufa, can mai shi za shi,
kuma can ƙyallen yake lilo.
Ba kokawa, ba kayarwa. Fizge, ɗaga sama, shi ke nan.

Ba na barin kowa a layi.
Layi ɓarawon lokaci ne,
yaro ɗaya na gudu, goma na tsinkar ciyawa.

Shida saura kwata jirgin kwal yake wucewa.
Makon farko na busa usur har wuyana ya yi zafi,
su kuwa sun tsaya cak suna ƙirga taragai.
Yanzu ni da jirgin mun yi sulhu:
kansa na bayyana, kowa ya kori kowa,
wanda ya fi tara ƙyalle kafin wutsiyarsa ta ɓace
shi zai ɗauki jaka zuwa mota.
Ban san me ya sa suke son ɗaukar jakar ba.

Asabar an ci mu ashirin da shida da shida.
Wendell ya gudu da ƙwallo ta inda ba nan ba ne,
iyaye na ihu, shi yana dariya.

Amma Ximena,
wadda ƙwallon nan mai siffar gwanda
ke tsoratarwa har ta rufe ido,
ta cafke shi ran Talata, shida saura biyu.
Ta tsaya tana dubansa a hannunta.
Na ce, "Yaushe kika koya? Ba a nan ba dai."
Ta ce kakanta, bayan gareji, kullum bayan cin abinci,
da ƙullin safa, don ba su da ƙwallo.

Masu hular kwano sun riga sun taka layi.
Na ba ta namu, na ce ta dawo da shi Talata.
Ƙwallo uku gare mu. Yanzu biyu.
Tobias ya ja jakar a ƙasa har mota,
ƙyalle ɗaya na rataye a ƙugunsa, ya manta.