Wainar Bikili

Tun kafin ladan ya yi gyaran murya
na hura wuta a tanderun Inna Tabawa,
wanda ya tsage ta gefen gabas
muka toshe shi da yumɓun bakin Nilu.
Mai Wurno na barci. Daga kwaɗi sai ni.

Dusar dawa kwano biyu, ba a tula ba.
Tunkuza daga matsar mai ta Sinnar.
Dabino bakwai da suka kwana a ruwa
har suka saki jiki kamar baƙon da ya ga fuska;
na cire ƙwallayen, na ƙirga su sau biyu,
kada ɗaya ya ɓuya ya sami dasashi.
Riɗin da Kawu Sambo ya aiko daga Gadarif,
kanwa a bakin yatsa,
sai maɗi, baƙi wuluk, yana jan zare daga ludayi.

Ba a tankaɗe wa doki dusa.
Ni na tankaɗe.
Bikili ya ƙarar da haƙoransa a hanyar kasuwa,
yanzu in ya tauna dawa
ta gefen baki take zubowa, kaji su yi ta godiya.

Hajja Sakina ta leƙo ta kan katanga:
"Mutane na layin burodi tun asuba,
ke kina gasa wa dabba waina?"
Ban tanka ba, hannuna na cikin kwaɓi.
Da zan tanka, da na ce:
shekara goma sha tara yana jan amalanke,
gangar ruwa daga kogi zuwa unguwa,
albasa, tubali, gawayi, gadon amarya.
Littattafaina na aji huɗu a gadon bayansa suka zo.
Daren da naƙuda ta kama ki cikin ruwan sama,
motar wa ta yarda ta shigo taɓo?
Ban faɗa ba. Ruwa na ƙara, kaɗan.

Na mulmula su kamar ƙwan agwagwa,
na danne kowace da tafin hannu
har zanen tafina ya zauna a kanta.
Harshen wuta ya kwanta, garwashi ya yi furfura,
na jera su, na rufe da tsohon murfin ganga.
Ƙamshi ya fito neman mutane,
rabi na ƙuli, rabi na alewar yara.
Biyu sun ƙone. Kullum sai biyu sun ƙone,
gefen tsagar nan ba ya jin magana.

A turke ya fara haniniya ƙasa-ƙasa,
yana tona ƙasa da kofato ɗaya.
Yi haƙuri, dattijo, sai sun huce.

Baba na kwance a gadon igiya ƙarƙashin dalbejiya.
Damina biyu ke nan da ciwo ya ɗauke masa dama,
ya tafi da sunana, ya bar masa "ke".
Amma ƙaran harshen da yake kiran doki da shi
ciwon bai gan shi ba.
Ya yi shi sau ɗaya. Kunnuwa biyu suka miƙe.

Na kwance igiya, na jawo shi har bakin gado,
na sa waina a hannun hagun Baba.
Leɓe mai laushi ya bi tafin yana lalube,
numfashi mai ɗumi ya kaɗa gemun tsoho,
ɓarɓashi na zuba a kan bargo.
Ta biyu, Baba ya gutsura ya kai bakinsa,
ya juya ta, ya juya, ya yamutsa fuska,
ya dube ni sosai, ya ce:
"Kanwa ta yi yawa, Gambo."

Na tsaya riƙe da faifai.
Hajja Sakina na can tana kiran jikanta,
rana ta hau kan rufin kwano,
Bikili na lasar yatsun Baba ɗaya bayan ɗaya.

Gobe ma haka zan sa ta.
Ko in ɗan ƙara.