Matata ta Biyu

Kifaye bakwai gare ni a unguwar Zango,
cikin akwatin gilashi, bisa teburin da na gada,
a garin da ake kwana bakin famfo da jarka,
Damagaram, inda dutse ya fi tafki yawa.
Maƙwabta sun ce Lawandi ya taɓu,
yana sayen ruwa wurin ga-ruwa
ya zuba wa abin da ba zai ci ba.
Na ji. Ban tanka ba.

Matatar farko shekara uku ke nan tana aiki.
Yanzu in dare ya raba sai ta kama gurnani
kamar keken ɗinkin da ya manta ɗanɗanon mai.
Ranar Laraba wuta ta ɗauke tun azahar,
ruwan ya koma kamar na wankin shinkafa.
Da asuba na tsamo ja guda, ciki a sama.
Da takwas ne.

Sai na nufi Kasuwar Dole, rumfar Girema,
mai sayar da fitilu da wayoyi da abin da ba a rasa ba.
Ya ɗora mini biyu a kan kwali.
Ɗaya baƙa, mai ƙiba, ana rataya ta a baki,
tana kwarara ruwa kamar indararo ran mamako.
"Jaka goma sha biyar. Daga Kano ta zo jiya.
Wannan ko kogi ka ba ta, sai ta tace."
Ɗayar kuwa soso ce kawai da siririn bututu,
da ɗan injin iska wanda bai kai tafin hannu ba,
mai ɗaukar batir in wuta ta yi halinta.
"Jaka huɗu. Amma ta yara ce, Malam."

Na juya babbar, na auna nauyinta.
Ido ya so ta, ba zan ɓoye ba.
Har na fara lissafin abin da zan hana kaina:
nama ran Juma'a, man babur na mako biyu.

Tsahara jikata ce ta ja mini riga.
"Kaka, ka manta ƴaƴan?"
Ita ta fara ganinsu shekaranjiya bayan ganye,
guda tara, ko goma, ba sa tsayawa a ƙirga,
kowanne bai wuce tsinken tsintsiya ba,
ido biyu da wutsiya, shi ke nan.
Na dubi bakin babbar matata,
na ga ƙofar da za su shiga ba su fito ba.

Girema ya ce, "To ka jefar da tsohuwar mana."
Na ce a'a.
Cikin soson nan nata mai launin ƙasa
akwai masu aikin da ido ba ya gani,
su ke cinye dattin kafin ya zama dafi.
Sabuwa sai ta zauna kusa da ita wata guda
kafin ta koyi aikin.
Kuma ƙoda biyu Allah Ya sa mana a ciki,
ba don ɗaya ba ta iyawa ba.

Na biya jaka huɗu, ya ƙara mini leda.

Yanzu kusurwar hagu tana gurnaninta,
ta dama tana sakin kumfa ɗaya-ɗaya
kamar mai jan carbi ba gaggawa.
Jiya wuta ta sake ɗaukewa bayan isha'i.
Fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit,
zafi ya sauko ya zauna mana a ƙirji.
Cikin duhu na kasa kunne:
ɓul, ɓul, ɓul.

Tsahara ta haska tocila, ta manna hanci a gilashi.
Ta ce goma sha ɗaya ne.