Fangalin Astajam

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin duhu,
asibitin Garwa, bayan ɗakin haihuwa,
ina ce wa mutane: ja numfashi, riƙe, kar ka motsa.
Na ga haƙarƙarin rabin garin nan.
Na san wanda tarin fuka ya yi wa saƙa a huhu
tun matarsa ba ta fara jin tarin ba.
Rigar dalma ta ci mini kafaɗa,
ruwan wankin fim ya rine mini farce,
ban taɓa jin an ce sama ma na da irin haskena ba.

Sai da Astajam ta zo hutu,
'yar ƙanena, mai leƙen fim a taga tun tana rarrafe.
Ta buɗe wani ɗan akwati:
abu baƙi, bai kai kwalin ashana ba,
yana sheƙi kamar bayan buzuzu.
Ta ce, wannan ya faɗi gwaji, shi ya sa aka bar mini.
'Yan'uwansa da suka ci, roka za su hau.
Na ce, to wa zai bi su ya wanko fim ɗin?
Ta yi dariya har shayi ya ƙware ta.

Da safe ta ja ni bakin Binuwai,
gonar albasar ubanta Sajo.
Ta ce, Baffa, dubi fangali,
layi-layi, kowanne da ɗan bakinsa.
Haka cikin abin nan yake, sai dai dubu sau dubu,
kuma daga yashi aka tace shi.
Haske ya faɗo ƙwaya ɗaya, fangali ɗaya ya sha.
Sai a buɗe baki, ya miƙa wa maƙwabcinsa,
maƙwabci ya miƙa gaba,
har ƙarshen gona, inda mai awo ke zaune
yana cewa: wannan daga wuta mai zafi kaza ya taso.

Sajo ya jingina da fartanya ya ce,
in fangali ɗaya ya tsage fa?
Ta yi shiru.
Ta ce, shekarata huɗu ke nan a kan wannan tsagar.
Can sama akwai tsakuwar da ido ba ya gani,
tana huda ƙasar gonar, ruwa ya riƙa ɓacewa a hanya,
mai awo ya yi ƙarya ba da saninsa ba.
Kuma zafi na sa shi mafarki,
ya ga haske inda babu,
sai an sanyaya shi fiye da ƙanƙarar masu kifi.
Sajo ya share gumi ya ce, to ba ɗan Garwa ba ne.

Na tambaye ta don me sai an kai shi sama.
Ta ce iskar da muke shaƙa ita ce rigar dalmar duniya,
ba ta barin ko ƙwaya ta sauko.
Ashe duk a bayan labule muka rayu,
ni da injina da masu tarina.

Ta hau jirgi ran Talata.
Mataccen ta bar mini shi.
Na sa shi a ambulan mai ruwan ƙasa
tare da wani fim da ban nuna wa kowa ba,
mai ɗan gajimare a hagu, ƙarƙashin haƙarƙari na huɗu.
Na iya karatu. Ba sai likita ba.

Jiya an ɗauke wuta a unguwarmu.
Na fito tsakar gida da kujera,
dutsen Tingilin ya yi baƙi, taurari sun cika har baki.
Bakina ya riga ni:
ja numfashi, na ce wa sama,
riƙe.
Yarinyarmu na zuwa.