Ruwan Kwana Uku

Na ƙirga su da yatsa, bakwai ne,
har da gurguwar da Helju ta hana a yanka.
Helju ta shekara biyu a ƙasa,
kajinta na nan, suna ci suna mita.

Likitan Tartu ya ce ranar Talata
za a kankare mini yanar ido.
Kwana uku. Wuƙar ba ta dame ni ba.
Hatsi ma da sauƙi, a zuba tuli a tafi.
Ruwa ne abin ji.
A watan Janairu, nan bakin tafki,
ka ajiye kwano ka juya baya,
kafin ka ɗaure takalmi ya zama dutse.

Na wanke bokiti har sau uku,
na kankare gansakukar da ta kama gindinsa,
na huda gefe, na ɗaura 'yan famfuna huɗu
waɗanda sai an caka suke ɗiga.
Na sa murfi, don kaza ba ta da ta-ido:
inda ta sha nan take ɓatawa,
ta tona dusar katako ta watsa ciki,
sannan ta dube ka kamar kai ka yi.
A ƙarƙashi na kifa gwangwanin biskit
da ƙwan lantarki ciki, ɗan ɗuminsa ya isa.
Sai cokali guda na ruwan tsamin tuffa.
Haka Helju take yi, ban taɓa tambayar dalili ba.
Makulli na ba Priit, ɗan mai gasa burodi,
ya ce to, idonsa na kan waya.

Daren Litinin nas ta zo da doka:
daga sha biyu, ba ci ba sha.
Ta ɗauke kofin daga kan tebur.
Kafin asuba harshena ya koma tsumma.
Iska na dukan taga,
rediyon mai gadon kusa da ni na cewa
turakun wuta sun zube a yankinmu.
Na kwanta ina kallon ƙwan nan ya mutu,
sanyi na hawa bokiti a hankali,
bakuna bakwai na cakar ƙarfe,
ƙarfe ya hana ko ɗigo.
Na kira Priit. Na sake kira.
Suka zo suka tura ni ɗakin aiki.

Alhamis bas ta sauke ni a mararraba,
idon dama sabo, yana ƙwalla don haske.
Ban shiga ɗaki ba, na wuce akurki.
Bokitin kuwa ya daskare har ya tsage.

Amma ga wata tukunya a gefe,
shuɗiya, bakinta a ɓantare,
an ɗora ta bisa bulo biyu,
ruwa ciki, tas, da sauran tururi.
Gurguwa ta tsoma baki,
ta ɗaga kai, ta lumshe ido.

Na san tukunyar nan.
Na sha romon kabeji daga cikinta
tun kafin rigimar itacen kan iyaka.
Shekara tara ni da Aime ko sannu babu.

Na fito. Sai yanzu na ga sawun:
daga ɓular shinge zuwa ƙofar akurki,
an bi, an koma, an sake bi,
har dusar ƙanƙara ta ba da hanya.
Ƙafar hagu na ja,
ga ramukan sanda jere a gefe.

Ƙwai shida na samu, sanyi ya fasa biyu.
Na juye ruwan a kwano, na goge tukunya,
na jera huɗun a ciki.
Hayaƙi na fita ta bututun ɗakinta.
Ina tsaye bakin shinge, hannuna na daskarewa,
ina neman kalmar da ake farawa da ita.